Tambaya da Amsa: Bindigar Soja a Cikin Ƙagaggen Labari

Wasiƙun da suka shigo wannan fili a wannan karon sun taru ne a kan bindigogin sojan da ake gani a finafinai da wasannin kwamfuta da ƙagaggun labarai, waɗanda babu masana'antar da ta taɓa ƙera su. Na zaɓi kaɗan daga ciki. Bayanin da zan yi ya shafi yadda injin bindiga yake aiki da dalilan da suka sa aka tsara shi haka, gwargwadon abin da marubuci da mai kallo suke bukata, domin wannan fili ba na koyar da ƙira ba ne.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni marubuciya ce, ina saka labarina a intanet kashi-kashi, kuma labarin yana faruwa ne shekaru hamsin nan gaba a wata ƙasa da na ƙirƙira. Na tsara wa sojojin ƙasar bindiga mai cin harsashi 200 a gida ɗaya, nauyinta kilo biyu, ba ta yin zafi, ba ta tura mai harbi baya, kuma a ƙarƙashinta akwai bututun harba gurneti. Yayana tsohon soja ne, ya karanta ya ce wannan bindiga ba za ta yiwu ba, amma bai yi mini bayani ba. Ina kuskuren yake? Daga wata marubuciya a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Yayanki ya yi gaskiya, kuma ina jin abin da ya hana shi dogon bayani shi ne wanda ya taɓa saɓa bindiga ya yini yana tafiya da ita yakan ji amsar a kafaɗarsa tun kafin ya samo kalmomin faɗarta. Kowace siffa da kika lissafa tana iya samuwa ita kaɗai zuwa wani mataki, sai dai duk wadda aka ƙara, daga jikin 'yar'uwarta ake ragewa, shi ya sa ba sa haɗuwa duka a bindiga ɗaya.

Ya kamata mu fara sanin irin bindigar da muke magana a kai. Bindigar farmaki ta sojan ƙasa tana harba harsashi ɗai-ɗai ko a jere, gwargwadon inda aka juya maɓallinta, tana da gidan harsashi da ake cirewa a sa wani, kuma harsashinta matsakaici ne, ya fi na ƙaramar bindigar hannu ƙarfi amma bai kai na dogayen bindigogin yaƙin duniya ba. Jamusawa ne suka fara fito da irinta da yawa, wato StG 44 ta shekarar 1944, bayan an lura cewa yawancin musayar wuta tsakanin sojojin ƙasa ba ta wuce tazarar mita 300, saboda haka ɗaukar harsashin da zai kai mita dubu asarar ƙarfi ce. AK-47 ta Mikhail Kalashnikov da M16 ta Amurka wadda ta samo asali daga tsarin Eugene Stoner duk a kan wannan tunani aka gina su.

To, ga lissafin nauyi. Harsashi ɗaya na milimita 5.56, wanda M16 take ci, yana da nauyin giram 12 ko kusa da haka. Idan kika tara 200 kin sami kilo 2.4, ke nan harsasan kaɗai sun fi nauyin da kika ba bindigar gaba ɗayanta. Na AK, mai milimita 7.62, ya kai giram 16, saboda haka 200 ɗinsa sun haura kilo uku. Ita kanta bindigar, ba tare da harsashi ko ɗaya ba, AKM, wato AK-47 da aka yi wa gyara aka fitar a 1959, tana da kimanin kilo 3.1, M4 ta Amurka kuma tana wajen kilo uku. Ba don rashin dabara yawancin rundunoni suka tsaya a kan gida mai cin 30 ba. Idan gidan ya fi haka tsawo yakan tokare ƙasa lokacin da soja ya kwanta rub da ciki, ya tilasta masa ɗaga kai a inda ɗaga kai yake iya zama ajali, sannan sifirin da ke tura harsasai sama yakan sha wuya wajen tura dogon layi daidai wa daida. Akwai gidaje masu siffar ganga da ke cin 75 ko 100, amma suna da nauyi, suna da wuyar cikawa, kuma sun fi saurin cijewa. Sojan da aikinsa ya bukaci harsashi 200 a lokaci ɗaya bindiga mai jigida ake ba shi, irin M249, wadda take kai kilo bakwai da ɗoriya babu komai a cikinta, ta kusa kilo goma idan an ɗaura mata akwatinta.

Zafi ya fi nauyi ɓoyuwa ga mai kallon fim, amma ya fi shi haɗari. AK tana iya harba 600 a minti ɗaya idan an danne kunama, wato gida mai cin 30 yakan ƙare cikin daƙiƙa uku. Amma wannan gudun injin ne kawai, ba abin da ƙarfen bututu zai jure ba. Littattafan horon sojan Amurka sun ƙayyade cewa idan ana so M16 ta daɗe tana aiki ba tare da ta lalace ba, harbin kada ya wuce 12 zuwa 15 a minti. Idan aka juye gida bayan gida babu hutu, katakon da ke gaban AK yakan fara hayaƙi, bututu yakan yi zafin da hannu ba zai iya kusantarsa ba, saiti yakan ɓaci, kuma mafi muni, harsashin da aka bari zaune a mazauninsa yana iya tashi da kansa ba tare da an taɓa kunama ba. Domin haka ne ake yi wa bindigogi masu jigida bututun da ake cirewa a sa wani a tsakiyar faɗa. Maganin zafi a bindigar farmaki shi ne bututu mai kauri, bututu mai kauri kuwa nauyi ne, kin ga mun koma inda muka baro.

Turin da bindiga take yi baya ba aibin ƙira ba ne da wani gwani zai zo ya cire. Ƙa'idar motsi ce wadda Isaac Newton ya bayyana: duk abin da ya tura wani abu gaba, shi ma za a tura shi baya daidai gwargwado. Kuma idan bindigar ta yi sauƙin nauyi, turin yakan fi tsanani, saboda babu jikin da zai shanye shi, ke nan bindigarki mai kilo biyu za ta fi M4 wahalar da kafaɗa. Abin da injiniyoyi suka iya shi ne ragewa da sarrafawa. Stoner ya daidaita bututu da gindin bindiga a layi ɗaya domin kada baki ya riƙa ɗagawa sama. Rashawa sun rage girman harsashi zuwa milimita 5.45 a AK-74 ta 1974, suka sa mata wani ƙarfe a baki mai karkatar da hayaƙi gefe. Sun kuma ƙera AN-94, wadda take sakin harsashi biyu da gudun 1,800 a minti domin na biyun ya fita kafin turin na farko ya isa kafaɗa sosai, amma cikinta ya yi sarƙaƙiya da tsada har ba ta taɓa zama bindigar kowane soja ba.

Maharbin gurneti a ƙarƙashin bindiga kuwa abu ne da yake akwai. M203 ta Amurka, mai milimita 40, ta shiga aiki tun 1969, tana cin gurneti ɗaya a lokaci ɗaya, kuma tana ƙara wa bindiga kusan kilo ɗaya da rabi, duk a gaba, inda nauyi ya fi gajiyar da hannu. Lokacin da Amurka ta so ta haɗa komai wuri ɗaya a XM29, wato bindigar 5.56 da maharbin gurneti mai milimita 20 da kwamfutar auna nisa, abin ya kai wajen kilo takwas, aka dakatar da shirin a 2004. Koriya ta Kudu ta yi irin wannan yunƙuri da K11, ita ma ta soke shi a 2019.

Shawarata ita ce ki bar wa bindigarki nauyin kilo uku da rabi zuwa huɗu, ki ba ta gida mai cin 40 ko 50 na harsashi mai kwanson roba, wanda kamfanoni suka riga suka gwada a gasar sabuwar bindigar sojan Amurka da aka kammala a 2022, ki kuma ba mutum ɗaya ko biyu kaɗai maharbin gurneti a kowace ƙaramar tawaga. Kada ki ɗauki wannan a matsayin rage wa labarin armashi. Ki duba jarumarki a bayan katanga, ta shafa jakar ƙirjinta ta ji gida biyu kaɗai suka rage, tafin hannunta na hagu yana jin zafin bututu ta cikin safa, tana lissafin ko ta amsa wuta ko ta yi shiru. Bindigar da ba ta ƙarewa ba za ta taɓa ba ki wannan wuri ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na kalli wani tsohon fim mai suna Aliens, inda sojoji suke riƙe da bindiga mai ɗan allo a gefe da ke nuna adadin harsashin da ya rage. Abokina ya rantse cewa sojojin Amurka suna da ita a ɓoye. Gaskiya ne? Kuma mene ne harsashi marar kwanso da aka ambata a fim ɗin? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗana, abokinka bai yi daidai ba, ko da yake zancen nasa yana da tushe. Bindigar da kake nufi ita ce M41A ta fim ɗin da James Cameron ya ba da umarni a 1986, kuma ba a taɓa ƙera ta domin wata runduna ba. Masu haɗa kayan fim a Ingila, inda aka ɗauki fim ɗin, sun ɗauko Thompson M1A1, wadda sojojin Amurka suka yi yaƙin duniya na biyu da ita, suka sa ta a tsakiya. Suka gajarta bindigar Remington 870 suka maƙala ta a ƙasa a matsayin maharbin gurneti, suka ara mata sassa daga SPAS-12 ta Italiya, sannan suka rufe duka da murfin da aka ƙera musamman domin fim ɗin. A labarin an ce harsashinta milimita 10 ne marar kwanso, gurnetinta kuma milimita 30. Mai lura zai ga kwanson harsasai yana faɗowa a wasu wuraren harbi, domin Thompson ɗin da ke ciki tana aikinta ne da harsashin wasa mai kwanso. A ganina wannan aro daga bindigogin gaske shi ne sirrin karɓuwarta, saboda nauyinta a hannun 'yan wasa na gaske ne, wutar bakinta ta gaske ce, ido kuwa yana gane haka ko da mai shi bai san komai game da bindiga ba.

Inda labarin ya zarce hankali shi ne adadi. Allon yana nuna 95 idan an sa sabon gida. Harsashi mai faɗin milimita 10, ko da an jera shi layi biyu, 95 ɗinsa suna bukatar gida mai tsawon kusan rabin mita, alhali gidan da ake gani a fim ɗin bai kusanci haka ba.

Harsashi marar kwanso kuwa an yi shi da gaske. Harsashin da aka sani yana da kai, wanda shi ne yake fita, da albarushi, da ɗan maɓallin da ke gindi mai kunna wuta, da kwanson tagulla da ya riƙe su duka. A harsashin 5.56 kwanson ya kusa rabin nauyin gaba ɗaya, saboda haka duk wanda ya iya kawar da shi ya ba soja damar ɗaukar kusan ninki biyu. Kamfanin Heckler & Koch na Jamus ta Yamma, tare da Dynamit Nobel, sun shafe fiye da shekaru ashirin a kan wannan buri, suka fito da G11. An daskarar da albarushin ya zama ɗan dunƙule mai kusurwa huɗu, aka binne kan harsashi mai milimita 4.73 a cikinsa. Gidan harsashin yana kwance a saman bututu, yana cin 45 zuwa 50, harsashi yana saukowa a tsaye cikin wani mazauni mai juyawa, mazaunin ya juya kwata ya fuskanci bututu, a harba. Da yake babu kwanson da za a tsaya fitarwa, tana iya sakin uku a jere da gudun kusan 2,000 a minti.

Wahalar da suka sha ta koya wa kowa cewa kwanso ba mazubi kawai ba ne. A lokacin harbi yana kumbura ya toshe bayan bututu kada hayaƙi mai zafi ya dawo fuskar mai harbi. Idan ya fita yana tafiya da wani kaso na zafin, shi ya sa kwanson da ya faɗo yanzu yake ƙona fata. Yana kuma kare albarushi daga damshi da karyewa. Da aka cire shi, samfuran farko na G11 suka riƙa tashi da kansu idan mazauni ya yi zafi, sai da aka nemo wani sinadarin da ba ya kamawa sai a zafi mai tsanani. An kai ga nasara a ƙarshen shekarun 1980, har Amurka ta sa ta cikin gwajin neman magajiyar M16, amma babu ɗaya daga cikin bindigogin da aka gwada da ta ninka M16A2, samfurin M16 na lokacin, iya samun abin hari kamar yadda aka shardanta. A gida kuma Jamus ta haɗe a 1990, kuɗi suka tafi wajen haɗewar, yaƙin cacar baka ya ƙare, sauran ƙasashen NATO suna kan harsashin 5.56, sai aka ajiye G11 aka rungumi G36 mai harsashi irin na kowa.

Ɗan allon ƙirga harsashi shi ne mafi sauƙin yi a duk siffofin bindigar. Abin da soja zai tambaya shi ne wa zai ɗauki batir, kuma me zai hana jan hasken ya tona inda yake da dare.

Tambaya: Ranka ya daɗe, a wasannin kwamfuta nakan ga bindigogin zamani mai zuwa da gidan harsashinsu a bayan kunama, kusa da kafaɗa. Ado ne kawai ko yana da amfani? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Yana da amfani, Malam, kuma ba sabon abu ba ne. Tsawon bututu yana ƙara wa harsashi gudu, amma doguwar bindiga tana wahalar da soja a cikin motar sulke da lungunan gari. Idan aka mayar da injin da gidan harsashi cikin gindin bindiga, wurin da a da katako ne ko roba kawai, sai a sami dogon bututu a gajeren jiki. Steyr AUG ta Ostiriya, wadda sojojin ƙasar suka karɓa a 1977, tsawonta santimita 79 ne, M16A2 kuwa ta kai mita ɗaya, alhali bututunsu duka santimita 50.8 ne. Faransa ta bi wannan hanya da FAMAS, Birtaniya da L85, Isra'ila da Tavor, Sin da QBZ-95.

Abin da aka biya shi ne cewa kwanso yana fita daidai kumatun mai harbi, saboda haka bahago ba ya iya sauya kafaɗa sai an sake wa bindigar sassa, kuma ko na-dama yakan so ya sauya kafaɗa idan zai leƙa kusurwar gini. Kunama tana nesa da injin, ana haɗa su da dogon ƙarfe, abin da yakan sa jan ta ya yi nauyi. Canza gida a ƙarƙashin hammata ya fi jinkiri ga wanda bai saba ba. Kamfanin FN na Beljiyam ya magance matsalar bahago a F2000 ta hanyar tura kwanso gaba ta cikin wani bututu, amma hakan ya ƙara sassa. Faransa ta fara maye gurbin FAMAS da HK416F mai tsarin da aka saba a 2017, Sin ma ta nuna QBZ-191 a 2019, ita ma mai gida a gaban kunama, alhali Ostiriya da Ostareliya suna nan a kan AUG. Masu zana wasanni suna son wannan siffa ne domin ido yana ganinta baƙuwa, amma idan sojojin labarin a cikin jirgi ko ramukan ƙarƙashin ƙasa suke faɗa, zaɓin yana da hujja mai ƙarfi.

Tambaya: Malam, shin akwai bindigar soja da ba ta ƙara sam, kamar yadda ake nunawa idan an ɗaura mata wani bututu a baki? Daga wata mai karatu a Kumasi.

Amsa: Babu, Hajiya. Na'urar rage ƙara tsohuwa ce, Hiram Percy Maxim ya yi mata rajista tun 1909, kuma aikinta shi ne ta riƙe hayaƙin da ke biyo bayan harsashi ta sake shi a hankali. Ƙarar bindigar soja tana kai wajen desibel 160 a ma'aunin ƙarfin sauti, na'urar kuma takan rage 20 zuwa 30 da ɗoriya, abin da ya rage har yanzu ƙara ce mai ƙarfi. Sannan sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, harsashin AK yana fita da gudun mita 715, na M16 ya haura 900, kuma duk abin da ya fi sauti gudu yana yin tasa ƙarar a iska, wadda babu na'urar da ke baki da za ta hana. Rundunoni suna amfani da ita ne domin kare kunnen soja, da ɓoye walƙiyar baki, da rikita abokin gaba game da inda harbin ya fito. Tana ƙara tsawo da nauyi, tana yin zafi ƙwarai, tana kuma mayar da datti cikin injin.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai zanen labarai ne, kuma labarina a hamada yake, cikin ƙura da yashi. Ina so in zana cikin bindigar sojojina a shafi guda domin masu karatu su ga yadda take aiki. Wane irin inji ya dace da irin wannan wuri? Daga wani mai zane a Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Wannan ita ce tambayar da na fi so a wannan karon, domin yawancin masu ƙaga bindiga a kan fatarta suke tsayawa. Abin da za ka zana zagaye ne mai maimaita kansa. Idan aka ja kunama, allura ta bugi gindin harsashi, albarushi ya kama, hayaƙi mai matsi ya tura kan harsashi cikin bututu, inda wasu layuka masu murɗawa suke sa shi juyawa domin ya tafi a miƙe. Kafin ya fita yakan wuce wata 'yar ƙofa a saman bututu, wani kaso na hayaƙin ya bi ta nan ya koma baya. Wannan hayaƙin ne yake buɗe sakata, wato ƙarfen da ya toshe bayan bututu, ya tura ta baya, ta fizgo kwanso ta jefar, sifirin ya dawo da ita gaba, ta kwaso sabon harsashi daga gida ta kulle. A AK duk wannan yana faruwa sau goma a daƙiƙa ɗaya.

Bambancin bindigogi yana wajen yadda hayaƙin yake isa ga sakata. A AK yana bugun fistin ne, kamar na injin babur, fistin ɗin kuma haɗe yake da ƙarfen da ke ɗauke da sakata, su tafi tare da nauyi da ƙarfi, kuma an bar sarari tsakanin sassan domin ƙasa ta sami inda za ta koma. Wannan ne ya sa ƙasashe da yawa suka kwafe ta, har da ma'aikatar DICON ta Kaduna mai OBJ-006. Abin da aka rasa shi ne wannan ƙarfe mai nauyi yana girgiza bindigar, saiti ya ragu a harbin jere. A M16 siririn bututu ne yake kai hayaƙin har cikin injin, saboda haka ta fi sauƙi da daidaito, amma zafi da baƙin toka suna taruwa a inda sassa suke motsi, tana bukatar shara da mai a kai a kai. Sai dai jikinta a rufe yake, tana da ɗan murfi a ƙofar fitar kwanso, yashi ba ya samun shiga da sauƙi. HK416 ta tsaya a tsakiya, jikin M16 da gajeren fistin mai bugu ɗaya ya tsaya. G3, wadda tsofaffin sojojinmu suka sani, ba ta da fistin ko kaɗan, wasu 'yan ƙarafa biyu masu mirginawa ne suke jinkirta buɗewar sakata.

Ga labarin hamada ni zan zaɓi fistin, da jiki a rufe, da murfi a kowace ƙofa, da maɓallin ƙara yawan hayaƙi idan injin ya yi datti, irin wanda FN FAL take da shi. Ka kuma zana gidan harsashi da kulawa, domin kaso mai yawa na cijewar bindiga daga nan yake farawa, daga leɓen da ya lanƙwashe ko sifirin da yashi ya cika.

Tarihi zai ba ka abin da za ka gina labari a kai. M16 ta riƙa cijewa a Biyetnam a tsakiyar shekarun 1960 saboda an canza nau'in albarushi, ba a shafa wa mazaunin harsashi ƙarfen hana tsatsa ba, kuma an raba ta ba tare da isassun kayan shara ba, har majalisar dokokin Amurka ta kafa kwamitin bincike a 1967. L85A1 ta Birtaniya ta sha suka a yashin yaƙin Tekun Fasha na 1991, sai da aka ba Heckler & Koch aikin sake mata sassa daga shekarar 2000 ta zama L85A2. Isra'ila kuwa, bayan sojojinta sun koka da yadda FAL take yi a cikin yashi a yaƙin 1967, ta ɗauki tsarin AK ta hanyar samfurin Finland mai suna Rk 62, ta gina Galil a kansa, ta karɓe ta a 1972. Galil ta jure ƙura kamar yadda aka so, amma ta haura kilo huɗu, kuma da M16 mai sauƙin ɗauka ta samu da yawa daga Amurka, yawancin sojojin ƙasa na Isra'ila ita suka koma saɓawa.